Takobi Biyu, Garkuwa Babu

Kowane ɗan Adam da inda Allah ya rage shi. Wani goro ne ya riƙe masa wuya, wani shayi, wani kuma ba ya iya wuce shagon takalma bai leƙa ba. Waɗannan duk jarabobi ne masu mutunci, ana iya faɗarsu a gaban surukai a yi dariya a wuce. Tawa ba ta cikin wannan sahu. Ni dai, magidanci mai 'ya'ya, wanda furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ina son faɗa da takobi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba a fagen daga ba, Allah ya tsare. Ko ragon layya maƙwabci nake kira ya yanka mini, ni in riƙe ƙafa ina kallon wani wajen. A wasa nake nufi. Duk inda aka baje makamai, na soso ne ko na takarda ko na cikin kwamfuta, aka ce kowa ya zaɓa, masu hankali sai su ɗauki takobi da garkuwa, ko mashi, ni kuwa hannuwana sun riga sun cafki takubba biyu tun ƙwaƙwalwata ba ta ce uffan ba.

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, zama kuma ya riƙe ni. Ina Hayyul Ashir, can ƙarshen Madinat Nasr, unguwar da in ka tsaya bakin titi bayan la'asar za ka ji Hausa da Somaliyanci da Larabcin Sudan kafin motarka ta iso. Da tafinta nake ci: ina raka mutanen gida da suka zo ganin likita ko saro kaya. Suna ganina da jallabiya da tabarau ina juya Larabci, sai su ɗauka wani kamili ne, har akan ja ni gefe a tambaye ni hukuncin sallar ƙasaru. Ba wanda ya san cewa a bayan kabad ɗin ɗakina akwai fayif biyu na roba, kowanne an naɗe shi da soso an ɗaure da baƙin salatif, kuma kowanne na raɗa masa suna. Sunayen ba zan faɗa ba. Ko tonon asirin kai yana da iyaka.

Na san inda na kwaso cutar. Littattafan yaƙi ne, irin waɗanda muke haya a shagon unguwa a Kano muna yara, mu ɓoye su cikin littafin lissafi. Tun daga Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 kuma har yau ba a yi mai cika baki kamarsa ba, zuwa na baya-bayan nan masu hoton ƙato da damatsa a bango, abin da ni na ɗauka guda ne: jarumi ba ya ɓuya bayan fata. Sai gidan kallo ya ɗora daga nan, da finafinan Indiya da na Sin. Ka lura da kyau, a fim duk wanda ka gani da garkuwa da kwalkwali ba shi da suna. Shi ne zai rugo da ihu, a sare shi, ya faɗi, kyamara ta wuce abinta. Mai suna kansa a buɗe yake, gashi na kaɗawa, hannu biyu duk ƙarfe. Yaro ɗan shekara goma ya yi ta ganin wannan, me kake so ya zaɓa? Illar kawai ita ce sauran yaran sun girma.

Ranar Alhamis da daddare, tunda a Masar Juma'a ce hutu, mukan taru a ɗakin wani abokinmu Basudane mu buga Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ga wanda bai sani ba, tatsuniya ce ta taron dangi. Mutum ɗaya ke jan labari, ya ce ga kogo, ga dodo, ga 'yan fashi sun tare hanya. Sauran kowa na da jaruminsa a rubuce a takarda, da ƙarfinsa da dabararsa da kayan da ya rataya. In ka ce ka kai sara, sai ka jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai ita fuskarta 20, ita za ta ce ka samu ko ka kuskure. Basudanen ne mai jan labari. Akwai Misirawa biyu, akwai wani Basakkwace mai karatun injiniya, da wani ɗan Damagaram da ke karanta hadisi, wanda ya ce shi rakiya kawai yake yi amma ya fi kowa ihu in ƙwaya ta ba shi 20.

Dokokin wasan ba su ɓoye ra'ayinsu a kan irina ba. A bugun shekara ta 2000, in ka ɗauki makami biyu ba tare da jaruminka ya yi horo na musamman ba, ana zaftare maka maki 6 a hannun dama, 10 a na hagu. Bugun 2014, wanda muke amfani da shi, ya sassauta, amma da sharaɗi: dole takubban su zama ƙanana marasa nauyi, saran hagu yana cinye ɗan ƙarin motsin da ake ba kowa sau ɗaya a zagaye, kuma ƙarfin damtsenka ba ya shiga lissafin ɓarnarsa sai in ka ƙware a wannan salon. Garkuwa kuwa maki 2 take ƙara wa tsaronka, ba sharaɗi, ba ciniki. Wasannin kwamfuta ma haka: a Skyrim na 2011, mai takobi biyu ba ya iya tare sara ko kaɗan, sai dai ya kashe ko a kashe shi. Kuma ba ni kaɗai ba ne a wannan asibiti. Tun da R. A. Salvatore ya ƙirƙiro wani jarumi Drizzt mai lanƙwasassun takubba biyu a 1988, masu jan labari a duk duniya suke fama da mu.

Basakkwacen nan mutum ne mai haƙuri. Duk lokacin da jarumina ya mutu aka miƙo mini farar takarda in rubuta sabo, sai ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malam, don girman Allah wannan karon ka ɗauki garkuwa. Maki 2 a ƙwaya mai fuska 20, cikin duk sara goma da aka kawo maka, ɗaya da zai same ka ya wuce ke nan. Kyauta fa."

Sai in ce na ji. In ce wallahi gaskiyarsa. In ma yaba masa lissafi. Sannan in sunkuyar da kai in rubuta takobi biyu, ina kare takardar da gwiwar hannu. Takardun jarumaina da suka riga mu gidan gaskiya suna nan cikin wani fayil, kowanne da sunansa mai ban tsoro, kuma galibinsu ba dodo ne ya kashe su ba. Wani ƙaramin ɗan fashi ne mai kwari da baka, daga bayan dutse, tun ba su zare na hagun ba.

Abin da ya fi ɗaci shi ne, duk ƙwauron da nake kuka da shi, masu dokar wasan alfarma suka yi mini. Sun amince da ƙaryar da jarabar tawa ke zaune a kanta, wato takobi biyu sara biyu ne. A jikin mutum ba haka abin yake ba. Sara ba a hannu ake haifarsa ba. Daga dugadugi yake tasowa, ya bi ƙugu, ya bi kafaɗa, hannu isarwa kawai yake yi. In ka murɗa ƙugu don dama ta sauka da nauyi, hagu ta koma baya ke nan, sai ta jira layinta, domin ƙugu ɗaya gare ka. In ka ce sai ka sauke su tare, to shafa biyu ka yi, wadda ko riga mai kauri ba za ta keta ba. Ga kuma maganar tazara. Mai takobi ɗaya a karkace yake tsayawa, hannu da kafaɗa gaba, jikinsa a tsuke. Mai biyu, in yana son ya mori duka biyun, dole ya buɗe ƙirji ya fuskanci abokin karawa, ya zama ya gajarce hannunsa ya kuma faɗaɗa inda za a soka. Sannan dogayen ƙarfe biyu ba sa jituwa a wuri ɗaya: na dama ya taso ya tarar da na hagu tsaye a hanyarsa. Duk wannan na san shi, har ina iya koyar da shi. Masu kwaikwayon tsofaffin yaƙe-yaƙe a Turai, irin waɗanda ke taruwa a Ingila su maimaita yaƙin Hastings na 1066, layi suke ja garkuwa na gogar garkuwa, kowa na kare kansa da rabin maƙwabcinsa. Ka sa irina a tsakiyar layin nan, ka huda katanga ke nan, kuma mutum na farko da zan sara shi ne na gefena.

Daga takarda abin ya hau saman bene. Rufin gidan da nake haya irin na Alƙahira ne sak: faifan dish sun yi tsatsa, tankunan ruwa, igiyoyin shanya, can gefe kejin tattabarun maƙwabci. In rana ta yi sanyi mukan hau da fayif ɗinmu na soso, kowa ya kifa hular babur, a yi ta karawa. Misirawan nan biyu sun yanko garkuwa daga murfin wata tsohuwar durom ta roba. Ni na ce ba na bukata.

Wata rana muna cikin haka sai ga mai gadin gidan ya hau duba tanki. Dattijo ne daga Ƙina, can kudancin Masar, irin mutanen Sa'id da suka riƙe ƙofofin rabin gidajen Alƙahira: jallabiya mai faɗin hannu, rawani, gashin baki, magana ɗaya-ɗaya. Ya tsaya ya dube ni ina wulwula fayif biyu ina haki. Da na tsaya shan iska sai ya nuna na hagun da haɓa.

"Ya Ustaz, wannan ɗayar ta wace ce? Wani kake riƙe wa?"

Na ce, "A'a, ya Ammi, duka nawa ne. Salo ne."

Ya jinjina kai, ya sauka, ya dawo da sandarsa.

Sandar Basa'ide ba ta dogarawa ba ce kawai. Suna da wasan da suke kira tahtib, karawa da sanda mai tsawon kamar mita ɗaya da 'yan kai, wanda ake yi a bukukuwa da maulidan waliyyai, irin na Sidi Abdurrahim a Ƙina da na Abul Hajjaj a Luksor. Jama'a su yi da'ira, mai mizmar, wato algaitarsu, ya busa, mai ganga ya amsa, mutum biyu su shiga su gaisa da sanda kafin su fara zagaya juna. Abin nema shi ne kai. Wanda ya nuna cewa da ya so da ya taɓa kan ɗan'uwansa, ya ci, ba sai an fasa goshin kowa ba. Wasan ya tsufa ƙwarai: akwai zanensa a jikin dutse a Abusir, kudu da dalar Giza, tun zamanin Fir'auna Sahure, wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Wato mutanen nan sun yi shekara fiye da 4,000 suna gwada abin da sanda za ta iya yi a hannun mutum. Itace bai taɓa yanke musu ba. Da biyu ta fi, da sun ƙara.

Dattijon bai sa hula ba. Ya ɗaga sandar sama da kansa yana juya ta a hankali, yana taku gefe-gefe, silifas ɗinsa ko ƙara ba ya yi. Ni kuwa na tuno duk finafinan da na taɓa gani, na sunkuyo na rugo ina juya duka biyun. Taku ɗaya ya yi. Na ji tas a wuyan hannuna na hagu, fayif ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tanki, kafin in waiga na ji an ɗora mini sanda a tsakiyar hula, a hankali, yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar babban mutum. Muka sake. Wannan karon da na ga sanda na saukowa sai na gicciye takubbana biyu sama da kaina, tarewar da na fi ƙauna a duniya, domin ita ake sawa a jikin fasta. Ta kuwa tare. Sai dai yanzu makamaina duka biyu suna sama suna gadin sanda ɗaya, cikina kuma a buɗe; ya zame hannu ya juyo da gindin sandar ya taɓa mini haƙarƙari. A karawar da ta biyo baya bai ma wahalar da kansa ba: hannuna na hagu ne ya kai wa yatsun damana duka, na saki fayif da kaina. Tattabarun maƙwabci suka tashi saboda dariyar Basudane.

Dattijon bai yi dariya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya saɓa sandarsa ya ce, "Ya Ustaz, damarka tana da ladabi. Amma hagunka bai san kai ne ubangidansa ba."

Ina zai sani? Hannun nan tun ina rarrafe ake bugunsa. Na miƙa shi karɓar abu, Inna ta make shi. Na sa shi a kwano, Yaya ya make shi. A makarantar allo ya kusanci tawada, bulala ta sauka. Gida da unguwa suka haɗu suka yi shekaru suna koya masa cewa iyakarsa buta da fyace majina, shi ma ya karɓi ƙaddara ya zauna lafiya. Rana tsaka, ba horo ba shawara, na naɗa shi Madaki na ce ya ja rundunar hagu. Ba laifinsa ba ne. 'Yan damben gida sun fi ni adalci: hannu ɗaya ake naɗe wa zare, ɗayan a bar shi a buɗe yana auna tazara yana tare naushi. Ko Shago, wanda Ɗan Anace ya waƙe har sunansa ya wuce ƙasar Hausa, hannu ɗaya ya ɗaure.

Mai hankali da ya sha wannan kashi sai ya nemi murfin durom. Ni sai na bazama neman hujja, kuma Alƙahira ba ta rowar wurin nema. Na bi titin Suƙus Silah, tsohuwar kasuwar makamai da ta taso daga wajen masallacin Sultan Hasan ta nufi Darbul Ahmar, inda yau sunan kawai ya rage. Na shiga gidan tarihin fasahar Musulunci a Babul Khalƙ na yi ta leƙen takubba da sulke da kwalkwali ta bayan gilashi. Zuciyata na kan Mamalik, bayin nan mahaya da suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517, waɗanda suka tare Mangol a Ainu Jalut a 1260. Na ce in akwai waɗanda za su fitar da ni kunya, su ne.

Kuma wallahi na samu. Akwai littafin koyar da hawa da yaƙi mai suna Nihayatus Su'ul, na Muhammad ɗan Isa al-Aƙsara'i, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1348. Wani kwafinsa da aka rubuta a 1371 yana babban ɗakin karatu na Landan, da zane-zane masu launi, kuma an ɗora shi a intanet. A ciki ga mahayi a kan doki, takobi a dama ya kwantar da shi a kafaɗar hagu, takobi a hagu ya saƙala shi ƙarƙashin hammatar dama. Tsakar dare na gani, tsakar daren na tura wa kowa, har da mai gadi, wanda wayarsa ba ta buɗe hoto. Da safe Basakkwace ya amsa da tambaya guda: "Malam, ka karanta abin da ke gaban hoton?"

Abin da ke gaban hoton shi ne baka da kibiya, sannan mashi, kafin a iso takobi. Haka littafin ya jera su, haka kuma Mamalik suka jera su a fagen fama. Takobin ma ba da biyu ake farawa ba. Littattafan horonsu sun bayyana yadda ake yi da yaro a barikokin Ƙal'a, fadar sarakunansu a Alƙahira: a kwaɓa yumɓu a ɗora a gabansa, ya sare shi sau 25 ranar farko, a yi ta ƙarawa kullum har ya kai sara 1,000 a yini. A shimfiɗa ƙyallen ulu mai kauri a kan yumɓun, a yi ta ninkawa. A ƙarshe a ɗora takardu a kan matashin auduga, a ce ya yanke adadi kaza ya bar na ƙasa ba ƙwarzane. Sai wanda ya wuce duk wannan yake wasa da takobi biyu a filin atisaye, irin wanda Sultan Baibars ya gina a 1267, don nuna ƙwarewa da horar da hannu, a gaban masu kallo. Ni ko sara 25 ɗin ranar farko in na yi, sai an shafa mini man zafi.

Haka shaiduna suka yi ta juya mini baya ɗaya bayan ɗaya. Na kawo Miyamoto Musashi na Japan, wanda ya rasu a 1645, uban duk masu wannan jaraba. Ashe shi dogo da gajere yake haɗawa, kuma babbar hujjarsa ita ce mutum ya saba riƙe takobi da hannu ɗaya, saboda a kan doki ko a cikin taɓo ko a cunkoso hannu biyu ba sa samuwa. Karawarsa da ta fi suna, da Sasaki Kojiro a 1612, yadda ake ba da labari, da katako guda ya yi ta, wanda ya sassaƙa daga itacen tuƙa jirgin ruwa. Na kawo malaman Italiya: Achille Marozzo ya koyar da takobi biyu a littafinsa na 1536, Giacomo di Grassi ma a 1570. Sai di Grassi ya gindaya sharaɗin cewa sai wanda hagunsa ta yi daidai da damarsa, ya kuma gargaɗi wanda bai daɗe yana horo ba da kada ya kai kansa. Abin da mutanen zamaninsu suka fi riƙewa a hagu wuƙa ce, ko ƙaramar garkuwa, ko ma mayafi a naɗe a hannu, wato dai abin tarewa. Da na ga ƙasa na ƙarewa sai na ɗauko babbar hujja: an ruwaito a littattafan tarihi cewa Sayyidina Hamza, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi yaƙi da takobi biyu. Ɗan Damagaram ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Shi Zakin Allah ne. Kai fa?"

Ban sake ɗauko wannan ba.

A gida ma ba ni da mafaka. Namu kwaikwayon yaƙin shi ne hawan Sallah, kuma ya fi na kowa kyau. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Duba abin da aka ga ya isa a rubuta a ajiye wa jikoki: kayan kare jiki, uku a jere. Ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ka kalli 'yan lifidi da 'yan sulke suna wucewa. Takobi na rataye da hamila, dama na riƙe da mashi ko tana sama wajen jafi, hagu kuwa tana inda Allah ya ajiye ta, a kan linzami. Ban taɓa ganin wanda ya saki linzami a tsakiyar sukuwa don ya zare na biyu ba, kuma in an yi, ina jin daga asibiti aka ƙarasa labarin. A Yulin 2022, da aka yi gasar wasan takobi ta duniya a nan Alƙahira, na je kallo da ɗan guntun fata a raina. Ƙasar Ala'uddin Abul Ƙasim, wanda ya ci azurfa a Landan a 2012, ɗan Afirka na farko da ya samu lambar Olamfik a wannan wasa, ai ta san takobi. Kowa guda ya riƙe, ɗayan hannun ma ya janye shi baya don kada ya shiga hanya.

Uwargida ba ta karanta Marozzo ba, amma ta riga kowa yanke hukunci. Ranar da ta ga yatsuna sun kumbura ta kawo ruwan ɗumi, ta ajiye, ta ce, "Malam, taura biyu ba ta taunuwa." Na ce ai wasa ne. Ta ce ta sani, amma wasan ya yi kama da mai shi. Sai ta shiga lissafi: waya biyu, duka ba caji. Littafi biyu da na fara rubutawa, kowanne ya tsaya a babi na uku. Marasa lafiya biyu da nakan yi wa alkawarin awa ɗaya, ɗaya a Muhandisin ɗaya a Ma'adi, sai ka ce ban san cunkoson garin nan ba. Ta ce duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi damunta shi ne duk wani abu mai kama da garkuwa ba na shiri da shi. Adashi na ƙi shiga. A sanyin watan Tuba, da Misirawa kansu ke naɗe wuya har kunne, ni da 'yar shara nake fita in dawo ina tari.

Nan ta taɓa inda ke ciwo, don haka bari in ƙarasa tonon da kaina. Garkuwa ikirari ce. Wanda ya ɗauke ta ya yarda a gaban jama'a cewa akwai wanda zai iya samunsa, kuma yana jin tsoron hakan. Ni ma ina jin tsoron, har na fi kowa. Mutumin da ba ya iya kallon yankan rago ba sai an tambaye shi ba. Abin da ba na so shi ne a gani. Takobi na biyu ba don abokin gaba nake riƙe shi ba, don 'yan kallo ne, ko da 'yan kallon tattabaru ne da tankin ruwa. Kuma akwai wani ɗan lokaci, bai kai numfashi uku ba, tsakanin zarewa da faɗuwa, da duka biyun ke juyawa daidai, iska na kuka a jikin soso, hasumiyoyin masallatai na can ƙasa cikin ƙura, in ji ni ne mai sunan nan na cikin fim. Mai garkuwa yana cin wasa, ya sauka lafiya, ya ci abincin dare da yatsunsa goma, amma wannan numfashi ukun bai taɓa ɗanɗana shi ba. Na auna cinikin sau da yawa, na ga asara ce, kuma kullum sai in saya.

Abokan wasa sun gaji da wa'azi sun koma tara. Yanzu doka ce: duk wanda jaruminsa ya mutu, shi zai sayo wa kowa koshari mako mai zuwa. An ce dokar ta kowa ce, amma mai koshari na bakin layinmu in ya hango ni ba ya tambaya, roba shida yake jerawa, ya ƙara soyayyar albasa a ɗaya saboda ta'aziyya. Mai gadi kuma ya ɗauki nauyin hannuna na hagu. Ya ba ni wata gajerar sanda ya ce in riƙa juya ta bayan sallar asuba, kada in haɗa da ta dama sai ya ba da izini. Izinin bai zo ba tukuna.

Kwanan baya na koma littafin al-Aƙsara'i, na wuce hoton nan nawa da 'yan shafuka, sai ga wani mahayin: takobi biyu, da ƙananan garkuwoyin fata biyu, ɗaya a wajen fuskarsa ɗaya a hannun da ke riƙe da takobi. Na kai wa Basudane na ce to ga sulhu, kowa ya samu abin da yake so, maki 4 na tsaro da sara biyu, a rubuta mini. Ya daɗe yana duban hoton, ya buɗe littafin doka ya rufe, sannan ya ce ya amince, da sharaɗin in fara hawo da dokin saman bene.